Harsashin ɗurin gida a bindigar kare kai: abin da Amurkawa ke gardama a kai

A Amurka, wanda doka ta ba damar yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye cikin tufafinsa yana da hanya biyu ta samun abin da zai zuba mata. Ko ya shiga shago ya sayi kwalin harsashin da kamfani ya ƙera, ko ya zauna a garejinsa ya haɗa nasa da hannu daga kwanso da makunni da albarushi da ƙwaya, waɗanda ake sayarwa daban-daban. Dokar tarayya ba ta hana ɗurin gida ba muddin don amfanin kai ne. Wanda zai ƙera ya sayar shi ake nema wa lasisi. Duk da haka, yawancin masu koyar da harbi da lauyoyin da ke tsaya wa masu bindiga bakinsu ɗaya: yi atisaye da ɗurinka yadda kake so, amma abin da za ka ɗaura a ƙugu ka fita da shi ya zama na kamfani. Masu ɗurin gida da dama ba su yarda ba. A ganinsu tsoro ne kawai da ake yaɗawa baki da baki, ba tare da an nuna musu mutumin da aka ɗaure don shi ya haɗa harsashinsa ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, sai dai hujjar da aka fi ɗaga murya a kanta ita ce mafi rauni, wadda ta fi nauyi kuwa ba kowa ke tsayawa ya fahimce ta ba.

Gardamar tsohuwa ce, yawan masu ɗaukar bindiga ne ya ƙara mata zafi. A 2008 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Heller cewa ajiye bindiga a gida don kare kai haƙƙin mutum ne a ƙarƙashin gyara na biyu na tsarin mulki, a 2022 kuma, a shari'ar Bruen, ta ce haƙƙin ya haɗa da fita da ita waje. Jihar Vermont dama can ba ta neman takardar izini, Alaska ta bi sahu a 2003, Arizona a 2010, yanzu fiye da rabin jihohin ƙasar 50 ba sa nema. Wannan duk zancen can ne. A Najeriya dokar makamai ta sanya fistol da libarba, wato ƙaramar bindiga mai ganga mai juyawa da ake jera harsasai a cikinta, cikin makaman da ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba kuma laifi ne, aikin masana'anta ne irin DICON ta Kaduna.

Harsashin fistol abu huɗu ne. Akwai kwanson tagulla, a gindinsa akwai ɗan makunni wanda tsinken bindiga ke bugawa ya yi tartsatsi, a ciki akwai albarushi, a baki kuma ƙwayar dalma, yawanci sanye da rigar jan ƙarfe. Mai ɗuri yakan tara kwansunan da aka riga aka harba ya tsaftace su. Kwanso yana kumbura idan an harba, don haka sai an matse shi a injin ɗuri ya koma girmansa na asali, a nan ne kuma tsohon makunni ke fita. Daga nan a ɗan buɗe bakin kwanson, a dasa sabon makunni, a auna albarushi a zuba, a zaunar da ƙwaya zuwa zurfin da littafin awo ya faɗa, a matse bakin. Littattafan awon na kamfanoni ne irin su Lyman da Hornady da Speer, waɗanda suka gwada kowane haɗi a bututun gwaji. Ana awo da giren, kuma giren 7,000 ke yin fam ɗaya na nauyi, wato giren guda bai kai kashi 7 cikin ɗari na giram ba. Albarushin da ke cikin harsashin 9mm, wato mai ƙwayar da faɗinta milimita 9 ne, bai kai rabin giram ba, tazarar da ke tsakanin awon farawa da awon ƙarshe a littafi kuma sau da yawa ba ta cika giren ɗaya ba.

Wannan ɗan albarushin yana haifar da matsi mai ban tsoro. SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka wadda aka kafa a 1926, ta tsayar da iyakar matsin 9mm a psi 35,000 (psi awon matsi ne), wanda aka ƙara wa ƙarfi mai alamar +P kuma 38,500. A wasu nau'o'in harsashin, na .45 ACP 21,000 ne, na .38 Special 17,000. Tayar mota ana ba ta iskar psi 30 zuwa 35, ke nan abin da ke faruwa a mazaunin harsashin 9mm, wato gindin bututu inda harsashi ke zama kafin a harba, ya ninka ta sau dubu, a cikin tafin hannun mai harbi. Kamfani yana da na'urar auna wannan matsi. Mai ɗurin gida sikeli gare shi da littafi da na'urar auna gudun ƙwaya, sauran kuma kintace ne daga kamannin kwanso bayan harbi. A harsashin fistol wannan kintacen ba abin dogaro ba ne, domin kwanso yakan fito lafiya kalau alhali an riga an wuce iyaka.

Kurakuran da ake yi sanannu ne, kuma kowanne yana da dalilinsa. Mafi muni a lokacin kare kai shi ne harsashin da aka manta ba a zuba masa albarushi ba. Makunni shi kaɗai yana da ƙarfin tura ƙwaya ta shiga bututu ta maƙale. A filin atisaye mai harbi zai ji ƙarar ta yi ƙasa, bindigar ba ta buga hannunsa ba, ya tsaya ya duba. Wanda ake kai wa hari ba ya jin wannan bambancin. Abin da aka koya masa idan bindiga ta ƙi tashi shi ne ya bugi gidan harsasai, ya ja marfin saman bindigar baya, ya sake danna kunama, kuma hakan zai yi. Harsashi na biyu ya tarar da na farko a hanya, bututu ya kumbura ko ya tsage.

Kishiyarsa ita ce zuba awo biyu a kwanso ɗaya. An fi ganin wannan a .38 Special, domin tun 1898 aka tsara kwansonsa don baƙin albarushin da, mai cin wuri, albarushin zamani mai saurin ci kuwa ɗan kaɗan ne ke kwanciya a gindinsa. Awo biyu zai shiga ba tare da ya zube ba, ido kuma ba lallai ya lura ba. Injin ɗuri mai juyawa, irin na Dillon, wanda ke aiki a kan kwanso huɗu ko biyar a lokaci guda, shi ya fi jawo waɗannan kurakurai biyu: wani abu ya maƙale, mai ɗuri ya tsaya ya gyara, ya ci gaba ba tare da ya tuna kwanson da ke ƙarƙashin mazubin albarushi ya samu ko bai samu ba.

Akwai wata matsalar da ta fi shafar bindigar da ake yawo da ita fiye da ta atisaye. Mai ɗaukar bindiga yakan cire harsashin da ke mazauni idan ya dawo gida ko zai goge ta, gobe ya mayar da shi. Duk lokacin da marfin ya tura harsashi, kan ƙwayar yana bugun gangaren da ke bakin mazauni. Idan riƙon da kwanso ya yi wa ƙwayar ba shi da ƙarfi, kowane bugu yana ɗan nutsar da ita ciki. Kwanson 9mm tsawonsa milimita 19 ne kacal, wurin da albarushi ke ci a ciki ƙanƙane ne, saboda haka nutsewar da ba ta kai milimita ɗaya ba tana iya ɗaga matsi ya wuce iyaka. Abin da ke riƙe ƙwaya shi ne ƙuncin bakin kwanso, kuma tagullar da aka yi ta matsewa ana buɗewa tana rasa wannan riƙon. Sababbin masu ɗuri sukan ɗauka ƙara matse baki zai magance, alhali yawan matsewa yana tsuke dalmar, tagullar ta ɗan saki, riƙon ya ƙara lalacewa. Ga shi kuma 9mm da bakin kwansonsa yake tokarewa a cikin mazauni, idan an tsuke bakin fiye da kima sai harsashin ya zurma ciki. Harsashin kamfani ma yana nutsewa idan an yi ta sakawa ana cirewa, shi ya sa ake cewa wanda ya sha shiga mazauni a ware shi, a auna tsawonsa da sabo kafin a sake amfani da shi.

A libarba matsalar juyawa take yi. Ƙananan libarba marasa nauyi, waɗanda ake yi da alminiyam don sawa a aljihu, suna bugawa baya da ƙarfi, har ƙwayoyin sauran harsasan su riƙa zamowa gaba daga kwansunansu. Idan ɗaya ta leƙo ta wuce bakin gangar, gangar ba za ta juya ba, bindiga ta zama ƙarfe kawai. Makunnin da bai zauna sosai ba, ya ɗan fito sama da gindin kwanso, shi ma yana tsayar da ganga, a fistol kuma yakan sa bugun farko ya ƙi tashi, domin ƙarfin tsinken ya ƙare wajen ƙarasa zaunar da shi. Sai kuma gumi da man bindiga. Harsashin da ke manne da jikin mutum wata da watanni yana shan zafi da laima, mai kuma idan ya kai ga makunni yana iya kashe shi. Harsasan kare kai na kamfani da yawa ana shafa musu abin toshe kafa a gefen makunni, abin da ba kowane mai ɗurin gida ke yi ba.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai isa ya kashe maganar ba. Kamfanoni ma suna kuskure. A 2021 Winchester ya janye wasu rukunonin harsashin 9mm mai ƙwayar giren 115 saboda albarushin da ba ya ci yadda ya kamata, wanda zai iya barin ƙwaya a bututu. Mutum mai natsuwa da ya yi amfani da sababbin kwansuna, ya ɗura ɗaya bayan ɗaya a inji mai tasha guda, ya auna kowane awo a sikeli, ya haska fitila cikin kowane kwanso kafin ya zaunar da ƙwaya, ya shafa yatsa a kan kowane makunni, ya jefa kowane harsashi a ma'aunin mazauni ya ga ya shiga ya fita da kansa, zai iya fitar da harsashi 50 da ba su da aibu. Injin kamfani mai fitar da dubbai a awa ba ya yi wa kowane harsashi wannan kallon. Hujjar inganci, in an bi ta a hankali, magana ce a kan halin mai ɗurin, kuma kowa yana ganin kansa cikin masu natsuwa. Masu ƙera bindiga dai ba su bar wa kansu ƙofa ba: Glock da Smith & Wesson da Ruger duk sun yi gargaɗi a littattafan da ke zuwa da bindigoginsu game da harsashin ɗurin gida, kuma ba sa ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo.

Inda kamfani ya yi wa gareji nisa shi ne abin da ƙwaya ke yi bayan ta bar bututu. Ranar 11 ga Afrilun 1986 jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka yi musayar wuta da 'yan fashi biyu a Miami, aka kashe jami'ai biyu, aka raunata biyar. Ɗaya daga cikin 'yan fashin ya sami harbin 9mm tun farkon faɗan, ƙwayar ta ratsa damtsensa ta shiga ƙirji, ta tsaya gab da zuciya, ya ci gaba da harbi. Daga nan hukumar ta fito da tsarin gwajin da har yau masana'antar ke bi. Ana harba ƙwaya cikin dunƙulen jelatin mai kashi 10 cikin ɗari, wanda aka sanyaya aka kuma tabbatar da taurinsa kafin gwaji, ana so ta nutse inci 12 zuwa 18, wato kusan santimita 30 zuwa 46. Ana gwadawa a jelatin tsirara, sannan ta bayan tufafi masu kauri, da farantin ƙarfe, da allon bangon ɗaki, da katako, da gilashin gaban mota. Ƙwaya mai rami a kai an yi ta ne ta buɗe kamar fure idan ta shiga jiki, ta tsaya a ciki maimakon ta wuce ta sami wanda ke baya. Buɗewar tana da iyakar gudu sama da ƙasa. Idan gudun ya gaza, ko zaren tufafi ya toshe ramin, sai ta ƙi buɗewa ta zarce. Idan ya yi yawa ta buɗe da wuri, ta farfashe, ta kasa kaiwa inda ake so.

Harsasai irin su Federal HST da Speer Gold Dot da Hornady Critical Duty an daidaita ƙwayarsu da albarushinsu tare, an gwada su a wannan tsari, hukumomin 'yan sanda kuma suna amfani da su. Ingancin irin waɗannan na cikin dalilan da suka sa FBI, wadda ta koma 10mm sannan .40 S&W bayan Miami, ta dawo kan 9mm bayan kusan shekara talatin. Mai ɗurin gida yana iya sayen ƙwayar Gold Dot ko XTP ta Hornady, amma ba kowace ƙwaya kamfanoni ke sayarwa a ware ba, kuma gudun da littafi ya rubuta an same shi ne a bututun gwaji, wanda galibi ya fi bututun inci 3 na bindigar aljihu tsawo. Sai ya auna gudun a tasa bindigar kafin ya san ko ƙwayar za ta buɗe. Speer sai da ya ƙera wata Gold Dot ta daban mai giren 135 domin libarba masu gajeren bututu, abin da ke nuna matsalar ba ƙarama ba ce. Kamfanoni kuma suna sa albarushin da aka rage wa walƙiya, domin hari yakan zo da dare, harshen wutar da ke fita daga bakin bindiga kuwa yana ɗauke wa mai harbi gani na ɗan lokaci. Kwansunan da aka yi wa rufin nikel sun fi santsi wajen shiga da fita, ba sa kuma saurin dafewa da gumi.

Sai batun kotu, inda aka fi yin hayaniya. Abin da aka fi faɗa shi ne mai gabatar da ƙara zai tsaya gaban masu taya alƙali yanke hukunci ya ce wannan mutumin harsashin shago bai ishe shi ba, sai da ya zauna ya haɗa wanda ya fi kisa. Yana iya faɗa, babu mai hana shi. Amma irin wannan magana ba ta buƙatar ɗurin gida. A 2004 wani malamin makaranta mai ritaya, Harold Fish, ya harbe wani mutum a dajin arewacin Arizona, ya ce mutumin ne ya taso masa gadan-gadan bayan karnukan da ke tare da shi sun yo kansa. Bindigarsa 10mm ce, harsashin kuma na kamfani ne mai rami a kai, amma hakan bai hana masu ƙara yin magana a kan ƙarfin bindigar da irin harsashin ba. An same shi da laifin kisa a 2006, aka yanke masa shekara 10, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2009 bisa wasu dalilai da ba su shafi harsashi ba. Wanda yake son ya ɓata ka a gaban kotu zai sami abin kamawa ko me ka ɗauka. Bambancin kawai shi ne mai harsashin kamfani yana da amsa gajeriya: irin wanda 'yan sandan garin nan ke ɗauka ne. A shari'ar da hujjar kare kai ta fito fili, wanda ya ƙera harsashin ba ya sauya komai, domin abin da doka ke tambaya shi ne ko mutum yana da dalilin da hankali zai karɓa na jin tsoron mutuwa ko mummunan rauni a wannan lokacin.

Hujjar da ta fi nauyi ta masu binciken kimiyya ce, kuma Massad Ayoob, malamin harbi da ya daɗe yana ba da shaida a kotunan Amurka a matsayin ƙwararre, shi ya fi kowa yayata ta. Idan an harba bindiga, ba ƙwaya kaɗai ke fita ba. Baƙin hayaƙi yana fita, da burbushin albarushin da bai gama ci ba, da ƙurar dalma. Idan bakin bindiga yana manne da jiki, duk suna shiga cikin raunin. Daga tazarar 'yan inci, hayaƙin yana barin baƙin zobe. Idan an ƙara ja baya hayaƙin ya ɓace, saura burbushin da ke huda fata ya bar ɗigo-ɗigo, wanda a ƙaramar bindiga yakan kai ƙafa biyu zuwa uku, ya danganta da irin albarushin, domin mai siffar ƙwallo ya fi mai siffar ɓawo nisan tafiya. Bayan nan babu abin da ke kaiwa sai ƙwayar. Ɗakin bincike yana ɗaukar rigar wanda aka harba, ya yi mata gwajin sinadarai da ke fito da gurbin albarushi da na dalma, sannan ya ɗauki bindigar da aka yi harbin da ita, da harsashi irin wanda aka harba, ya yi ta harbin farin ƙyalle daga tazara daban-daban har ya sami zanen da ya yi daidai da na rigar. Da haka ake cewa harbin daga kaza zuwa kaza aka yi shi.

A shari'ar kare kai tazara tana iya zama komai. Wanda ya ce mai wuƙa ya riga ya kai hannu gare shi, da wanda ake zargin ya harbi mutum daga nesa, labarinsu ya sha bamban a idon doka, kuma sau da yawa babu shaida sai su biyun, ɗaya kuma ya mutu. Idan harsashin na kamfani ne, tambarin gindin kwanso yana faɗar gaskiya, ana iya samo irinsa, har ma daga rukunin da aka ƙera su tare idan kwalin da ke ɗauke da lambar rukuni yana nan. Na ɗurin gida kuwa tambarinsa yana faɗar abin da kwanson ya taɓa ɗauka ne a rayuwarsa ta farko. Abin da ke ciki ranar da aka harba, mutum ɗaya ne ya sani a duniya, shi ne wanda ake tuhuma.

Shari'ar da ake kafa hujja da ita ta Daniel Bias ce a New Jersey. A 1989 matarsa ta mutu da harbin libarba a kai a cikin gidansu. Shi ya ce kanta ta yi niyyar kashewa, yana ƙoƙarin ƙwace bindigar ta tashi. Masu bincike ba su ga burbushin albarushi a kanta ba, gwajin da aka yi da harsashin kamfani kuma ya nuna da a kusa aka yi harbin da an gani, saboda haka masu ƙara suka ce daga nesa aka harbe ta. Abin da ke cikin bindigar ɗurin gida ne mai rauni ƙwarai, mai albarushi kaɗan, wanda burbushinsa ba ya nisa kamar na kamfani. Lauyoyinsa sun sha wahalar tabbatar da haka, domin ragowar harsasan kayan shaida ne da gwaji zai cinye, sababbin da za a haɗa don gwaji kuma bisa bayanin wanda ake tuhuma za a haɗa su. An yi shari'ar har sau huɗu, biyun farko masu taya alƙali suka kasa cimma matsaya, daga ƙarshe aka same shi da laifin kisa ta hanyar ganganci, ba da niyya ba, ya yi zaman kurkuku.

Masu ɗurin gida suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Shari'ar Bias ba ta kare kai ba ce. Shari'a ɗaya ce ake ta maimaitawa fiye da shekara talatin. Harsashin nasa mai rauni ne fiye da kima, wanda ya ɗura kusa da ƙarfin na kamfani kuwa zanen burbushinsa ba zai yi nisa da nasu ba. Yanzu ga kyamarori a shaguna da ƙofofin gidaje da wayoyin mutane, shari'o'i da yawa ba sa ma kaiwa ga auna burbushi. Sukan ƙara da cewa suna rubuta komai a littafi: ranar ɗuri, irin albarushi, awo, makunni, tsawon harsashi, har su ajiye samfuri daga kowane rukuni a kwali mai lamba. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, wanda ya nace sai ya ɗauki ɗurinsa ya kamata ya yi ta. Sai dai littafin da hannun wanda ake tuhuma aka rubuta shi, kotunan Amurka kuma ba sa karɓar gwaji sai an nuna yanayinsa ya yi kama sosai da na abin da ya faru. Alƙali yana iya karɓa, yana iya ƙi. Ko ya karɓa, an ƙara wa lauya aiki, an ƙara kuɗin ƙwararru, an buɗe wa ɗaya ɓangaren ƙofar sa shakku. Bayan shari'ar laifi kuma iyalan mamaci suna iya shigar da ƙarar diyya, inda ba a buƙatar hujjar da ta kawar da dukkan shakka, rinjaye kawai ake nema.

Haɗarin ƙarami ne, amma idan ya faɗo babba ne, don haka tambayar da ta rage ita ce me ake samu a madadinsa. Dalilin ɗurin gida na farko shi ne sauƙin kuɗi, kuma yana da ma'ana ga wanda ke harba dubbai a shekara. Harsashin da ake yawo da shi ba dubbai ba ne. Na kamfani mai kyau yakan kai dala ɗaya ko fiye kowane guda, ana sayar da shi 20 ko 25 ko 50 a kwali. Mutum yana buƙatar 100 zuwa 200 da farko don ya tabbatar bindigarsa tana cin irin ba tare da maƙalewa ba, da kowane gidan harsasan da zai ɗauka, daga nan kwali ɗaya ko biyu a shekara don sauya waɗanda suka sha gumi. Dalili na biyu shi ne saiti, kuma gaskiya ne mai ɗuri yana iya daidaita harsashi da bindigarsa har ƙwayoyi su riƙa faɗawa wuri ɗaya. Wannan yana da amfani a gasar harbi daga yadi 50. A tazarar 'yan taku, inda galibin harbin kare kai ke faruwa, bambancin bai kai a lissafa ba.

Inda injin ɗuri ke da amfani na gaske ga mai ɗaukar bindiga shi ne kwaikwayo. Ya auna gudun harsashin kamfanin da yake ɗauka a tasa bindigar, ya haɗa na atisaye mai ƙwaya mai arha da nauyi iri ɗaya, giren 124 ko 147 misali, da gudu kusan iri ɗaya, ba tare da ya wuce awon littafi ba. Bugun da hannunsa zai saba da shi da inda ƙwaya ke sauka za su zama ɗaya da na ranar da ba a fata. Sharaɗin shi ne kada biyun su gauraya: kwalaye daban, gidajen harsasai masu alama daban, a kuma duba abin da ke cikin bindiga kafin a bar filin atisaye.

Akwai waɗanda shawarar ba ta yi musu daidai ba. Mai tsohuwar bindiga wadda kamfanoni suka daina yi wa harsashin kare kai na zamani ba shi da zaɓi mai yawa. A 2020 da 2021, lokacin da shagunan Amurka suka wayi gari babu harsashi, wanda ke da kayan ɗuri a ajiye ya fi wanda ke riƙe da bindiga fanko, ko da yake makunni ma ya yi wuyar samu a lokacin. Masu shiga dazukan Alaska da Montana da ke ɗaukar babbar libarba saboda dabbar beya sukan ɗura ƙwaya mai tauri wadda ba ta buɗewa, a can kuma zancen burbushi a rigar mutum bai cika tasowa ba. Dokokin jihohi ma sun bambanta ta yadda za su iya sauya lissafin gaba ɗaya. New Jersey ta taƙaita yawo da ƙwaya mai rami a kai, ko ta kamfani ce ko ta gida, saboda haka mai izinin ɗaukar bindiga a can sai ya fara duba irin ƙwayar da doka ta yarda ya fita da ita kafin ya kai ga tambayar wa ya ɗura ta.